Kwancin Farfesa Sallau

Daren jiya Farfesa Sallau ya yi wani mafarki da ba ya so kowa ya ji, shi ya sa ma zan ba ku labarinsa. Amma bari in fara da abin da ya kwanta da shi a ciki, ban da tuwon dawa.

Farfesa dai masanin duwatsu ne, ya yi ritaya daga jami'a. Ƙuruciyarsa kaf a bin masu haƙar rijiyar burtsatse ta ƙare, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Duk inda aka huda ƙasa da zurfi sai ya zura ma'auni ya ji zafin da ke can ƙasa, ya kuma kwaso dutsen da injin ya yanko, gunduwa-gunduwa kamar rake, ya jera a akwatin katako. Akwatunan nan sun cika ɗaki guda a bayan gidansa. Saboda tsoron kada wani ya ci guminsa, bai taɓa rubuta sunan gari a jikin dutse ba. Lamba kawai yake sawa da jan fenti. Garin da lambar take nufi, da zurfin rijiyar, da zafin da ya auna, duk suna cikin kansa, ƙarƙashin hula.

Jiya da la'asar tsohuwar ɗalibarsa Dakta Barira ta zo gaishe shi da kankana a hannu. Ta ce suna haɗa wani rumbu a intanet, inda duk mai wani bayani a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa zai zuba nasa, da sunansa a jiki, kowa ya gani kyauta, don a gano inda ƙasa take da zafin da zai tafasa ruwa ya juya injin lantarki. Ta ce rijiyar gwaji ɗaya tak aka ba su damar haƙawa, kuma yankin da suka fi sa wa rai babu wanda ya taɓa auna shi sai shi. Farfesa ya sha kankanarsa, ya goge baki, ya ce mata sai ya wallafa bincikensa tukuna. Wannan amsa kuwa tun Barira tana ajin farko a jami'a yake ba da ita, yanzu ga furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali. Ta yi masa sallama a ladabce ta tafi, idonta ya yi ja. Shi kuwa ko a jikinsa.

To, yana rufe ido sai ya tsinci kansa a tashar mota. Tasha ce kamar kowace, ga warin fetur ga masu tallar ƙwai, sai dai motocin duk a tsaye suke, hanci a ƙasa, gindi a sama. Ɗan kamasho kuma ba gari yake kira ba, zurfi yake kira, yana cewa mita dubu saura mutum ɗaya. Farfesa ya shiga ya cike. Ba a karɓi ko sisi ba. Direba ne ya miƙo wani dutse, kowane fasinja ya lasa ya miƙa wa na kusa da shi. Wannan bai ba Farfesa mamaki ba, don duk masanin duwatsu na ƙwarai yana lasar dutse: in ya jiƙe da yawu ne ƙwayoyinsa suke fitowa sarai, harshe kuma ya fi ido iya rarrabe yashi da laka. Abin da ya ɓata masa rai kawai shi ne wata tsohuwa mai kaji aka fara ba, alhali shi ne farfesa.

Motar ba ta motsa ba. Ƙasa ce ta yi ta hawowa tana wuce tagogi, ja, sai fara, sai baƙa.

Aka sauke su a wani gari da ake kira Ƙarƙashi. A can rana daga ƙasa take haskowa, saboda haka inuwar kowa a bisa kansa take tafe kamar laima, manyan mutane kuma a ƙafa suke naɗa rawani. Farfesa ya zauna wurin wani mai shayi ya ce a haɗa masa kauri. Aka kawo, ya kurɓa, sanyi ƙalau. Ya sha kunu ya tambayi dalili. Mai shayin ya ce ai wuta a garin nan sai wadda ta yi yawa, akwai wuraren da in ka ɗora buta a ƙasa kafin ka yi atishawa ta tafasa, sai dai waɗanda suka san wuraren ba su wallafa ba tukuna. Shi dai kullum da safe yana matsar da butarsa taƙi ɗaya ko Allah zai sa a dace. Haka ya gaji sana'ar daga ubansa. Farfesa ya ce masa ya yi haƙuri, harkar ilimi ba a yi mata gaggawa, ya shanye shayinsa mai sanyi.

Sai ga shi a cikin ofis. A jikin ƙofa an rubuta Hukumar Tsare Bayanan Ƙasa. Darakta wata jar akuya ce mai tabarau, ta kashe ɗaurin ɗankwali, ta harɗe a kujera mai juyawa tana taunar taswira. Mataimakinta ƙadangare ne, aikinsa gyaɗa kai. Ta nuna wa Farfesa kujera da ƙafar gaba, ta yi masa bayanin tsarin hukumar cikin nutsuwa. Ta ce bayani in an bar shi a kabad, ruwa zai iya jiƙa shi, gobara ta iya cinye shi, ɓarawo ya iya ɗauka, mafi muni ma wani ya iya amfani da shi. Amma in yana cikin cikin Darakta hankalin kowa a kwance. Wanda yake da buƙata sai ya zagaya ta baya da farantinsa ya jira.

Farfesa ya leƙa ta taga. Ga layi kuwa ya yi tsawo, injiniyoyi da ɗalibai da 'yan kwangila, kowa da faranti. Can an jima sai bayanan su zubo, ƙanana, baƙaƙe, mulmulallu, ba kai ba gindi. Kowa ya samu uku ko huɗu ya yi godiya, ya tafi rubuta rahoto.

Wallahi tsarin ya burge shi. Ya gyara zama ya ce ko akwai gurbin mai ba da shawara. Darakta ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaye shi ko ya taɓa ba wani wani abu daga abin da ya sani. Ya ce ko sau ɗaya. Sai ta sauko daga kujera ta rusuna, ƙadangare ya ƙara saurin gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, ai kai ka wuce ofis," in ji ta. "Mu nan ko ba komai muna fitarwa ta baya. Wurinka Filin Kwanci."

Filin Kwanci ya kai girman filin idi. Cike yake da farfesoshi da daraktoci da manyan kamfanonin haƙa, kowa ya tsuguna a kan dutsensa, ya baza babbar riga ta rufe ko'ina, sak kazar da ke kwanci. In wani ya gifta kusa sai su kumbura su kai sara. Babu mai magana da wani. Dutsen Farfesa yana can yana jiransa, ja mai ratsin fari, da lambarsa ta fenti a jiki. Ya hau ya baza riga. Da ɗumi, irin ɗumin kujerar babur da ta sha rana, amma ana iya daurewa.

Yana waiwayawa dama sai ya ga Farfesa Mudi, abokin aikinsa kuma abokin hamayyarsa, wanda ya rasu shekarun baya. Shi ma Mudi ɗaki guda ya bari na duwatsu. Ana gama sadakar arba'in 'ya'yansa suka kwashe su a baro suka cike kwazazzabon da ke ƙofar gida, har Sallau da kansa ya taka su da mota da ya je ziyara. Ga shi nan dai a tsugune, hayaƙi yana fita ta aljihunsa.

"Mutumina, ashe kana nan," in ji Sallau. "Ya kusa ƙyanƙyashewa?"

"Saura in rubuta gabatarwa kawai," in ji Mudi.

Sallau ya buɗe baki zai gaya masa maganar kwazazzabo, sai ya tuna ai wannan ma bayani ne. Ya mayar da hankali kan kwancinsa.

A gefen filin wasu masu haƙa sun kafa inji suna ta fama, gumi sharkaf. Rami suke haƙawa a cikin ramin da aka riga aka haƙa. Da suka kai ƙasa suka tarar da wani tsohon ramin, a cikinsa kuma wani, kowanne da hular injiniyan da ya sha wahalarsa. Rabin mutanen filin sun san ba komai a wurin, don da yawansu su suka haƙa na baya. Babu wanda ya ce uffan. Wasu ma suna dariya cikin riga.

Can sai ga Barira da tabarma a ka. Ta shimfiɗa a tsakiyar fili, ta ce ta zo gayyatar ciyayya, irin wadda magidanta suke yi a zaure, kowa a fito masa da akushinsa daga gida, a jera, hannun kowa ya shiga na kowa. Ta ce babu mai tafiya da akushin wani, sunan mai shi yana jiki, murfi kawai ake buɗewa. Filin ya ɗauki gurnani. Wani dattijo ya ce wannan yarinya ba ta da kunya, wani ya ce a kafa kwamiti.

Wanda ya fara tashi wani manajan kamfani ne, ba don kirki ba, wandonsa ne ya ƙone ya kai ga fata. Sai wata darakta ta bi shi tana ɗingishi, sai wasu 'yan tsiraru. Suka jera duwatsunsu a tabarma gefe da gefe. Jijiyoyin da ke jikin wannan dutse suka miƙa suka kama na wancan, na wancan suka kama na gaba, kafin ka ce me taswira ta fito a tabarmar, da tuddai da kwaruruka. Wasu jajayen layuka suka taso daga kowace kusurwa suna tafiya a jere kamar tururuwa, duk sun nufi tsakiya. Da suka iso tsakiya suka tsaya cak, don a nan akwai giɓi.

Giɓin mai ɓari biyu ne, da tsagi a tsakani. Jama'a suka dubi giɓin, suka dubi mazaunan Farfesa Sallau, suka sake duban giɓin. Don kada a zalunci kowa aka kira tela ya zo da tef, ya auna nan ya auna can, ya ce ko shi ya ɗinka iyakar abin da zai yi ke nan.

Barira ta zo ta durƙusa a gabansa, kamar yadda take yi tun tana ɗaliba.

"Malam, ba tashi za ka yi gaba ɗaya ba. Ɗan ɗagawa kawai, mu leƙa."

"Sai na wallafa," in ji Farfesa, ya ƙara baza riga. Dutsen kuwa ya fara zafi na gaske, har yana jin ƙaurin auduga.

Sai aka busa usur. Wasu ma'aikata suka shigo filin cikin jerin gwano, sanye da kaki, ƙanana ƙwarai. Gara ce. Mudi ya ce kada ya damu, masu zagayen yamma ne, ba sa taɓa dutse, suna kawai suke ci. Suka kutsa ƙarƙashin riguna babu ko sallama. Wasu suka tsaya a kan fenti, wasu kuma suka bi ta wuya suka shige kunne. Farfesa ya ji ɗan ƙaiƙayi mai daɗi a cikin kai. Ya nemi sunan wani ƙauye da ya taɓa kwana a masallacinsa, babu. Ya nemi sunan wanda ke gaba da shi, inda motarsu ta kafe a rafi, shi ma wayam.

Duk dutsen da aka cinye sunansa sai tifa ta zo a loda shi a tafi cike kwazazzabo. Duwatsun ba sa gardama. Aka zo kan na Mudi aka ɗaga shi da Mudin a kai, aka ɗora a bayan tifa. Har motar ta sha kwana yana tsugune, yana ɗaga wa Sallau hannu, yana cewa in an tambaya a ce ya kusa.

Sai Farfesa ya ji murya daga ƙarƙashinsa, siririya, mai ladabi.

"Baba, wai ni ɗan ina ne?"

Ya ɗaga gefen riga ya duba. Fentin saura ɗan ɗigo. Ya san dutsen sarai, ya san wannan ja mai ratsin fari a wuri biyu kawai ya taɓa samunsa, Kwarin Ɗinya da Tudun Faru. Ɗaya daga cikin rijiyoyin nan ita ce wadda ta fi kowace zafi a duk yawonsa, wadda lakar da ta fito daga cikinta ta sa masu haƙa suka yi ta dafa ƙwai suna dariya, shi kuma ya koma bayan mota ya yi sujada. Ɗayar kuwa sanyi kamar ruwan randa. Tsakaninsu tafiyar yini ce. Ya ce Kwarin Ɗinya. Ya ce a'a, Tudun Faru. Ya sunkuya da ƙyar ya lashi dutsen, harshensa bai gaya masa komai ba.

Dutsen ya ce ba komai, ya dai tambaya ne. Ya ce yana zaune lafiya a inda Allah ya ajiye shi tun kafin a halicci kaza, Farfesa ya sa aka yanko shi, ya rungumo shi a cinya a gaban mota, yana ce masa duniya za ta san da shi. Shi ba ya ƙorafi. Yana so ne kawai ya san inda zai ce ya fito in an tambaye shi a kwazazzabo.

Nan fa tsoro ya kama Farfesa, tsoro na gaske, ba irin na mafarki ba. Ba ƙunar mazaunai ta dame shi ba. Gani ya yi duk rana da ya sha, duk zazzaɓin da ya kwanta a ƙauyukan mutane, duk sallar da ya yi ba a gida ba, za su tashi a tsakuwar cike hanya, kuma ba ɓarawo ne ya yi masa ba. Ya yunƙura zai tashi ya kai dutsen tabarma tun sauran sunayen suna nan. Ina. Daga ƙugu zuwa ƙasa ya riga ya zama dutse, ya haɗe da abin da yake zaune a kai.

Darakta akuya ta iso da gwangwanin fenti. Ta lashe shi a kumatu, ta ɗan yi tunani, ta gaya wa ƙadangare cewa laka ce da ta daskare, ba wani abin a zo a gani ba. Ta zana masa lamba a goshi da ja. Ya tambaye ta lambar me ce ce, ta ce tasa ce, sunan mai lambar yana cikin kanta. Ya lalubi sunansa ya ji shi ma gara ta fara ci daga gefe. Ya roƙe ta ta faɗa masa ko harafin farko.

"Sai na wallafa, ranka ya daɗe," in ji ta.

Kwamitin da aka kafa ya zauna a take, ya yanke cewa tunda rijiya ɗaya ce za a haƙa, kuma tsakiyar taswira babu komai, to a haƙa a inda ake ganin hayaƙi. Hayaƙi kuwa duk filin babu wanda ya kai na Farfesa. Barira tana kuka tana cewa malaminta ne, a bari ta sake roƙonsa. Aka ce lokaci ya ƙure. Aka turo inji, aka daidaita bakinsa a tsakiyar hular Farfesa, direban ya yi bismilla. Farfesa yana ta ƙwala kiran sunayen ƙauyukan da suka rage, amma kowane suna in ya fita daga bakinsa sai ya tashi sama ya fashe babu ƙara.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ya buɗe ido. Gari ya waye tangaran, ashe bayan asuba ya koma barci. Ya shafa goshi, ya shafa mazaunai, komai lafiya. Amma ƙarar tana nan, daga tsakar gida take zuwa. Ya fito ko takalmi babu.

Matarsa Hajiya Tabawa ce zaune a kujera 'yar tsugunno tana dandaƙa citta ta shayi a kan siminti. Abin da take dandaƙawa da shi gunduwar dutse ce, ja mai ratsin fari, ta yi sumul saboda shan hannu.

Ya tambaye ta inda ta samo. Ba ta ko ɗago ba ta ce a ɗakin baya mana, ai akwatunan ƙasa gara ta gama da su tun damina biyu da suka wuce, duwatsun suka zube, ta gaya masa ya ce ta bari sai ya wallafa. Ta ce uku suna ƙarƙashin tukunyar wanka, biyu sun danne kwanon akurkin kaji, wannan kuwa duk ya fi su daɗin riƙo.

Ya karɓa ya juya shi gaba da baya. Fenti ko ɗigo babu. Ya kai baki ya lasa, kamar yadda ya saba. Citta ce kawai, da ɗan kanumfari. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Kwarin Ɗinya ko Tudun Faru, wallahi bai sani ba.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko waya. Sai da ya yi kuskuren lamba sau biyu.

"Barira, ki zo da mota, ki zo da fenti da kwamfutarki. Yau, ba gobe ba, tun ina tuna sauran."

Da ya fito Hajiya Tabawa ta miƙo hannu, ta ce in ya gama lasa ya ba ta abinta, ruwan shayi ya tafasa. Ya sake duban dutsen sau ɗaya, sannan ya sa mata a hannu.

"Riƙe, Hajiya," in ji shi. "Wannan kam ya zama naki."